Zinaren lefe: wa zai karɓe shi a Nguru ranar da aka buƙaci kuɗinsa?

Da kaka ta yi, amfanin gona ya shiga rumbu, sai lokacin bukukuwan aure ya kama a arewacin Yobe. Daga Nguru zuwa Gashuwa, daga Machina zuwa Jakusko, gidaje kan sa rana a wannan tsakani, kuma rabon ɗawainiyar ba ya tsallake 'ya'yan yankin da ke aikin gwamnatin tarayya a Abuja. Wani shi ne angon, wani ƙaninsa ne zai yi aure, wani kuma maigidansa ne ya ɗora masa haɗa lefen ɗansa. Atamfa da leshi da takalma, mata sun san kansu, ba a cika faɗuwa a nan ba. Inda ake tsayawa a yi dogon tunani shi ne ƙaramin akwatin da ya fi kowanne tsada, wanda ke ɗauke da sarƙa da 'yan kunne da zobe na zinare, ko gwal kamar yadda 'yan kasuwa suke kiransa.

A da hanya ɗaya ce. A je wurin mai shagon da gidan ya saba da shi, a Kano ko a kasuwar Wuse, a zauna, a auna, a yi ciniki. Yanzu hanya ta biyu tana cikin aljihun kowa. A Instagram da TikTok da zaurukan WhatsApp hotunan sarƙoƙi suna ta sheƙi, an ce wannan ɗan Dubai ne, wancan ɗan Saudiyya, farashin kuma ya yi ƙasa da na shago har mutum ya fara zargin ko shekara da shekaru cutarsa ake yi. Ma'aikacin da ba ya samun sararin barin ofis, wanda albashinsa kan ƙare tun kafin ya shigo, ba za a ga laifinsa ba idan idonsa ya tsaya a kan hoton. Matsayin wannan jarida shi ne, kafin a tambayi inda ya fi araha, akwai tambayar da ta riga ta: ranar da matar da aka kai wa wannan zinare ta buƙaci mayar da shi kuɗi, wa zai karɓa, a wane gari, kuma a kan nawa?

Ba mu ne farkon masu wannan muhawara ba. A Amurka an daɗe ana yin ta a kan zoben daimon da saurayi ke bai wa budurwa ranar baiko. Manyan shagunan kayan ado na can suna sayarwa da tsada, su haɗa wa mutum da garanti: za su riƙa wanke zoben, su ɗaure dutsen idan ya yi sako-sako, wasu ma su maye gurbinsa idan ya faɗi, bisa sharaɗin a riƙa kawo shi dubawa duk wata shida. Wanda ya tsallake zuwa ɗaya yana iya rasa garantin baki ɗaya. A ɗaya ɓangaren akwai kamfanonin intanet irin su Blue Nile, wanda aka kafa a 1999, masu sayar da irin dutsen a farashi mai sauƙi saboda ba su biyan hayar shago a kowane birni. Cinikin ya kankama har Signet, babban kamfanin shagunan kayan ado na ƙasar, ya saye Blue Nile ɗin a 2022. Sai dai a lura da abin da ya sa sayen daimon ta intanet ya yiwu a can. Dutsen yana zuwa da takardar shaida daga cibiya mai zaman kanta, kamar GIA da aka kafa a 1931, wadda ke bayyana nauyinsa da launinsa da tsabtarsa da yankansa, kuma sau da yawa ana zana lambar takardar a gefen dutsen. Ana aiko shi da inshora, akwai wa'adin mayarwa, idan kuma an yi rigima bankin da ya ba mai saye kati yana iya janyo kuɗin. Ba'amurke yana zaɓe ne tsakanin kariya iri biyu. Ɗan Nguru da ya tura kuɗi zuwa asusun wata mai shafi da bai san ƙofar gidanta ba, babu ko ɗaya daga cikin biyun a hannunsa.

Daimon kansa baƙo ne a aurenmu, kuma ko a inda ya fito talla ce ta girke shi. Tun ƙarshen shekarun 1930 kamfanin De Beers ya dage da tallace-tallace har ya cusa wa samarin Amurka cewa sai an kashe albashin wata guda, daga baya wata biyu, a kan zobe. Yau ana sarrafa daimon a masana'anta, wanda ido ba ya bambanta shi da na haƙa. De Beers ɗin da kansa ya buɗe reshe mai suna Lightbox a 2018 yana sayar da na masana'anta a kan dala 800 kowane karat (karat ɗin daimon nauyi ne, kashi ɗaya cikin biyar na giram, ba shi da alaƙa da karat ɗin zinare), sannan a 2025 ya sanar da rufe reshen bayan farashin ya zube. Saurayin Abuja da ya ga ana yayin zoben daimon a hotunan kafin biki, ya saya idan yana da hali, kwalliya ce kuma ba laifi. Amma ya sani cewa babu wanda zai ɗora shi a sikeli a kasuwar Gashuwa ya ƙirgo kuɗi.

Zinare kuwa ɗan gida ne. A mazhabar Malikiyya da muke bi, mafi ƙarancin sadaki shi ne rubu'in dinari na zinare ko dirhami uku na azurfa. Dinari kuwa giram 4.25 ne a ƙiyasin da ya fi yaɗuwa, don haka rubu'insa ya ɗara giram ɗaya da kaɗan. Da zinare ake lissafa nisabin zakka, dinari 20, wato giram 85. A ƙasar Barno, wadda Nguru ta kasance mazaunin Galadimanta mai tsaron yammacin daular, gidaje da dama har yau da tsabar zinare suke ambata sadaki. Wannan al'ada tana da hikimar da hauhawar farashi ta ƙara fitowa da ita fili. Sadakin da aka biya da naira shekara goma da suka wuce, yau ba zai sayi buhun shinkafa da yawa ba. Wanda aka biya da zinare yana nan da nauyinsa.

Abin da ya kamata ma'aikacin Abuja ya riƙe shi ne, wannan dukiya ba tasa ba ce daga ranar da aka miƙa ta. Ta matar ce, kuma a gidaje da yawa ita ce kaɗai ajiyar da take da cikakken iko a kanta. Duk wanda ya tashi a yankin ya san ranakun da ake kwance ƙullin. Ranar da aka kwantar da mahaifiya a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Nguru aka ce sai an yi aiki. Ranar da kuɗin rajistar ɗa ya taso a Jami'ar Tarayya ta Gashuwa, wadda aka kafa a 2013. Shekarar da ruwa ya cinye gonar shinkafa a fadamar Haɗeja da Nguru, kamar yadda ambaliyar 2022 ta yi wa dubban gidaje a Jigawa da Yobe, aka rasa iri da abin kaiwa baki. Ko kuma, Allah ya kiyaye, ranar da aure ya mutu mace ta koma gidansu da yara. A irin waɗannan ranaku ba a tambayar ko sarƙar ta yi kyau a hoton biki. Ana ɗora ta a sikeli, a goga ta a dutse. Idan a ranar ne aka gano cewa ruwan gwal aka shafa wa tagulla, rangwamen da angon ya samu shekarun baya ita ce ta biya shi, a lokacin da ba ta da abin biya.

Ana iya fahimtar dalilin da ya sa rangwamen ke jan hankali. A watan Agustan 2020 ne oza ɗaya ta zinare, wato giram 31.1, ta fara haura dala 2,000 a kasuwar duniya. A watan Maris na 2025 ta haura dala 3,000, kafin shekarar ta ƙare kuma ta wuce 4,000. A daidai wannan tsakani naira ta karye: dalar da gwamnati ke bayarwa a wajen naira 460 kafin sauyin watan Yunin 2023 ta haura naira 1,500 a farkon 2024. Duka biyun sun haɗu a kan mai saye. Giram ɗaya na zinare ya fi mafi ƙarancin albashin wata na naira 70,000 da aka amince da shi a watan Yulin 2024, ƙaramin saitin amarya kuwa ba ya rasa giram goma ko fiye. Mutumin da zai ci bashin ƙungiyar adashen ofis don wannan, dole ya nemi inda zai rage.

Sai dai zinare ba atamfa ba ne da za a ce an samo shi da sauƙi daga kamfani. Farashinsa ɗaya ne a Dubai da Jidda da Kano, ana sanar da shi kullum, kowa yana iya gani a wayarsa. Duk wanda ke riƙe da giram na gaske yana iya sayar da shi a yau ɗin nan a kusa da wannan farashi, ba tare da ya ɗauki hoto ko ya yi wa kowa magiya ba. Kuɗin sarƙa kashi biyu ne: kuɗin zinaren da ke cikinta, da kuɗin ƙira haɗe da ribar ɗan kasuwa. Mai sayarwa daga gida, da ba ta biyan hayar shago da albashin yara, tana iya sassautawa a kashi na biyu, kuma wannan rangwame ne na halal. Kashi na farko ba wanda ke taɓa shi don Allah ya ba shi lada. Idan farashin da aka faɗa maka ya gaza kuɗin zinaren da aka ce yana ciki, to an rage karat, ko an rage nauyi, ko kuma babu kayan kwata-kwata. Araha, in ji masu magana, ba ta ado.

Lissafin karat bai da wuya, kuma ya kamata duk mai shirin lefe ya iya shi. Tsantsar zinare karat 24 ne, yana da laushi, don haka ake gauraya shi da tagulla ko azurfa kafin a ƙera. Karat 22 yana nufin kashi 916 cikin dubu zinare ne, karat 21 kashi 875, karat 18 kashi 750. Waɗannan lambobi ne ake gani an buga a maƙullin sarƙa ko cikin zobe. A ɗauki sarƙa mai giram 20. Idan karat 21 ce, akwai giram 17.5 na zinare a cikinta. Idan karat 18 ce, giram 15 ne. Bambancin giram biyu da rabi ya fi ninki biyu na mafi ƙarancin sadaki, kuma babu idon da zai gane shi a hoto, musamman hoton da aka ɗauka a ƙarƙashin fitila aka ƙara masa haske. Lambar da ke jikin maƙulli ma ba hujja ba ce, domin ƙarfen buga ta kowa yana iya mallaka. Gwajin maganaɗisu da ake yi a gida ba ya kama tagulla, ita ma ba ta mannewa. Masu sana'ar suna goga kayan a baƙin dutse su ɗiga ruwan asid, wasu manyan shaguna kuma suna da na'urar da ke karanta sinadaran ƙarfe, amma ita ma fatar waje take karantawa, shi ya sa ƙwararre yakan kankare wuri kaɗan kafin ya yarda da abu mai kauri. Akwai kuma 'yan duwatsun kwalliya da ake jerawa a jikin sarƙa: ranar saye ana auna su tare da zinaren, ranar sayarwa a cire nauyinsu.

To mene ne garantin mai shago a wurinmu? Ba irin na Amurka ba ne mai takarda da sa hannu. Jimla ɗaya ce da yakan faɗa yana naɗe kayan: duk ranar da kuka so, ku dawo da shi, zan karɓa. Wannan jimla ita ce abin da ake biyan ƙarin kuɗin shago dominsa, kuma ta cancanci a biya. Wanda ya san kayan za su dawo hannunsa ba zai sayar da karat 18 da sunan 21 ba, domin kansa zai cuta. Yana gyara maƙulli idan ya karye, yana musanya tsohon yayi da sabo, yana nan a inda aka bar shi. Nguru ta san irin wannan ciniki fiye da garuruwa da yawa. Tun da layin dogo daga Kano ya iso garin a 1930, fatake suke lodin gyaɗa da ƙaro da fatu da busasshen nama zuwa kudu bisa amanar dillalai da masu masauki, waɗanda jarinsu na gaske shi ne sunansu. Mai shagon gwal da ya shekara ashirin a layi ɗaya magajin wannan tsari ne.

Amma ba za mu wanke shago tas ba. Alkawarin baki yana mutuwa da mai shi, ɗan da ya gaji shagon yana iya cewa bai san zancen ba. “Zan karɓa” bai faɗi a kan nawa ba, kuma mata da yawa sun sha mamaki da suka ga abin da aka zabge musu da sunan kuɗin ƙira da tsufa. Sikelin da ke kan teburin, mai saye ba ya da hanyar sanin ranar da wani jami'i ya duba shi. Rasit ɗin da ake bayarwa sau da yawa ba ya wuce “saitin gwal ɗaya” da jimillar kuɗi, babu nauyi babu karat, takardar da ba za ta tsaya a gaban kowane alƙali ba. Kunya ma tana taka rawa: yaya za ka ce wa dattijon da ya sayar wa mahaifinka lefen mahaifiyarka ya rubuta maka? Ga kuma matsalar nisa, wadda ma'aikatan Abuja ba su cika lissafawa ba. Alkawarin mai shago a Wuse yana da amfani ga matar da za ta zauna a Kubwa ko Gwarimpa. Wadda za ta tare a Nguru, tsakaninta da shi akwai Haɗeja da Kano da Kaduna, tafiyar yini guda da kuɗin mota da hatsarin ɗaukar zinare a hanya. Gara a saya a inda za ta iya kaiwa, ko wurin ɗan kasuwar da ke da abokin hulɗa a Kano ko a yankin, wanda zai mutunta rasit ɗinsa.

Haka nan ba adalci ba ne a yi wa masu sayarwa ta waya kuɗin goro. Da yawansu mata ne masu sana'a daga ɗakunansu, suna saro kaya daga Dubai ko Saudiyya, suna da abokan cinikin da suka shekara tare da su ba a taɓa jin kansu ba. Sun buɗe kasuwa ga matar Gashuwa da ba za ta iya zuwa Kano ba, sun kuma tilasta wa shaguna rage ribar da ta wuce kima, tunda yanzu kowa yana ganin farashi. Waya ba ita ce aibin ba. Abin dubawa shi ne ko a bayan shafin akwai mutum mai adireshi. Shin sunan kasuwancin yana cikin rajistar hukumar CAC, wadda kowa ke iya bincikawa a intanet? Shin sunan da ke kan asusun banki shi ne na kasuwancin, ko na wani ne daban da za a ce maka ƙaninta ne? Dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022 ta sa dillalan duwatsu da ƙarafa masu daraja cikin waɗanda sashen SCUML na hukumar EFCC ke sa wa ido, don haka mai babban ciniki ya kamata ya iya nuna takardarsa. Sama da duka, shin ta yarda a kai kayan wurin mai gwaji na daban kafin kuɗi su fita, kuma za ta sake saye idan an dawo da su? Wadda ta amsa waɗannan, shago ce ko da ba ta da ƙofa a kasuwa. Wadda ta ce a tura kuɗi tukuna, kaya sun kusa ƙarewa, ta riga ta ba da amsa.

Mataimakan manyan jami'ai, waɗanda akan tura irin wannan aike, su ƙara da wani abu guda. Dokar 2022 ɗin ta hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi fiye da naira miliyan biyar ba ta hanyar banki ba, kuma a farashin yau saitin gwal na gidan manya ya wuce wannan cikin sauƙi. Wanda ya ɗauki jaka zuwa kasuwa, sunansa ne a wurin, ba na wanda ya aike shi ba.

Sai batun isar da kaya, inda cinikin waya ya fi rauni. Yawanci direban motar haya ake ba ƙunshi a tasha, a turo lambarsa. Babu inshora, babu wanda ya rubuta abin da ke ciki, domin faɗa wa direba cewa zinare ne wani hatsarin ne na daban. Idan ƙunshin ya ɓace tsakanin Kano da Nguru, ko ya iso da abin da ba shi aka nuna ba, kowa zai rantse, kuma ba mai shaida. A nan shari'ar Musulunci ta riga dokar zamani hangen matsalar. Malamai sun haɗu a kan cewa musayar zinare da azurfa sai hannu da hannu a zama ɗaya, kuma manyan majalisun fiƙihu na wannan zamani sun ɗauki kuɗin takarda a wannan matsayi. Hukumar AAOIFI da ke Bahrain, mai tsara ƙa'idojin hada-hadar kuɗi ta Musulunci, ta fitar da ƙa'ida ta musamman a kan cinikin zinare a 2016, kuma batun karɓa nan take yana tsakiyarta. Tura kuɗi yau a karɓi sarƙa bayan kwana uku abu ne da ya kamata mutum ya tambayi malaminsa a kai. Mafitar da aka sani tun da can ita ce wakili: ɗan'uwa ko amini da zai je ya gani, a gwada a gabansa, ya karɓa a lokacin da kuɗin suka shiga. Hukuncin addini da hankalin kasuwa sun faɗa wuri ɗaya.

Za a ce ai akwai doka. Akwai. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye damar mayar da kayan da ba su dace da yadda aka siffanta su ba, kuma rubuta “ba a mayar da kaya” a kan shafi ko rasit ba ya soke wannan haƙƙi. Amma ƙorafi yana buƙatar wanda za a kai ƙara, shafin da aka goge da layin da aka kashe kuwa ba su amsa sammaci. Ranar biki ma ba ta jiran hukuma. Za a kai lefe, gwaggonni da ƙannen uwa za su buɗe akwati ɗaya bayan ɗaya a gaban jama'a, kuma a cikinsu ba a rasa wadda ta san gwal da hannu. Abin da ya fi wannan muni shi ne a wuce wannan rana lafiya, gaskiya ta fito bayan shekara biyar. Matar ba za ta san ko an cuci mijinta ne ko shi ya cuce ta ba, kuma irin wannan shakka ba ta fita daga ɗaki da sauƙi. Idan kuwa zinaren sadaki ne da aka ambaci adadinsa a wurin ɗaurin aure, abin da ya gaza bashi ne a wuyan miji.

Masu karanta wannan shafi su ne ke rubuta takardun da ministoci ke sa wa hannu, don haka kashi na ƙarshe nasu ne. Ƙasashen da suka ɗauki zinaren talakawansu da muhimmanci ba su bar shi ga rantsuwar ɗan kasuwa ba. Ingila ta kafa dokar gwada azurfa da zinare tun shekarar 1300, kuma a ƙarƙashin dokar 1973 ofisoshin gwaji huɗu ne, ciki har da na Landan, ke buga hatimi kafin a sayar da kaya da sunan zinare. Misalin da ya fi kusa da mu shi ne Indiya, inda zinaren amarya yake dukiyar mace kamar a nan. A watan Yunin 2021 ta fara tilasta buga hatimin hukuma, daga Afrilun 2023 kuma kowane abin ado sai da lamba mai harafi shida da mai saye zai iya dubawa a wayarsa ya ga karat ɗin da wurin da aka gwada. Da irin wannan lamba, sayen zinare ta intanet ya zama ciniki mai hankali. A kasuwanninmu mai saye ba ya ganin hatimin kowace hukuma mai zaman kanta. A watan Yulin 2020 an gabatar wa Shugaba Muhammadu Buhari da sandar zinare mai kilo 12.5 da aka haƙo a gida ƙarƙashin shirin PAGMI domin ajiyar Babban Banki. Hankalin gwamnati ya kai ga zinaren da ke cikin ƙasa da wanda ke cikin taskar banki, bai kai ga wanda ke wuyan mata ba, alhali shi ne ajiyar miliyoyin gidaje.

Ba sai an ƙirƙiro sabuwar hukuma ba. Sashen awo da ma'auni yana nan a Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari, kuma duba sikelin 'yan kasuwa aikinsa ne. Sikelin da kuskuren giram ɗaya a kansa ya fi albashin wata ya fi cancantar ziyara a kan mudun gero. Hukumar SON tana iya fitar da ma'aunin karat da tsarin hatimi, a fara da cibiyar gwaji a Kano, inda mafi yawan gwal ɗin arewa ke bi, sannan a ba ƙungiyoyin 'yan kasuwa lasisin ƙananan wuraren gwaji a garuruwa irin su Nguru da Gashuwa, inda mace za ta biya kuɗi kaɗan a faɗa mata abin da ke hannunta ba tare da mai gwajin yana neman saye ba. FCCPC kuma tana iya wajabta rasit mai ɗauke da nauyi da karat da farashin giram na ranar da kuɗin ƙira da sharaɗin sake saye, ga mai shago da mai shafi baki ɗaya. Masarautun Nguru da Bade, waɗanda maganarsu ke da nauyi a kan al'adun aure, suna iya sa wannan takarda ta zama cikin abin da ake tambaya ranar karɓar lefe, yadda ba wanda zai ji kunyar nemanta.

Kafin hukuma ta motsa, ma'aikacin da ke da biki a gabansa zai iya nemo wannan rasit da kansa a wannan kakar. A rubuta shi da sunan amarya, a ɗauki hotonsa a waya, a sa asalin a cikin akwatin tare da sarƙar.